BA SHIGA! KO TALAKA BA SHI DA SIRRI NE?



A makon jiya wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta nan Ikko ya tako har ofishinmu, ya zauna bisa benci, ya cire hula ya aza a gwiwa, ya ce a taimake shi a rubuta masa takarda. Ga abin da ya kawo shi. Yana da ɗa matashi mai tura baro a kasuwar. Shekara biyu da suka wuce wani saurayi mai tsabtar tufafi, mai jin Hausa kamar jakin Kano, ya bi rumfuna yana cewa ana rubuta sunayen 'yan Arewa domin rabon tallafi, wanda duk ya ba da takardarsa ta NIN da lambar BVN, ya tsaya aka ɗauki hoton fuskarsa, za a ba shi Naira 2,000 nan take kafin babban rabo ya zo. Yaro ya bayar, ya karɓi kuɗinsa, ya ci shinkafa da nama a ran nan, ya manta. Babban rabo dai har yau shiru. Abin da ya zo a maimakonsa shi ne jami'an tsaro, da asuba, suka ce an buɗe asusu da sunansa, an damfari wata mata a wani gari da bai taɓa takawa ba, kuɗin kuma ta cikin asusun nan suka bi. Kwana 11 ya yi a tsare. Sai da uban ya karyar da buhun albasa 9 kafin ya ga ɗansa a waje.

Ba labarin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, domin irinsa ya yi yawa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Anacha da Fatakwal. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganar da na ji daga bakin wani mai ilmi, ɗan'uwanmu, sa'ad da na ba shi labarin. Cewa ya yi, wai duk wannan surutu da ake yi na kare bayanan mutane, salon Turawa ne da 'yan boko masu kuɗi a banki. Talakan da ya zo ci-rani da tabarma da buta, me gare shi da zai ɓoye? Ya kuma ƙara da cewa mai gaskiya ba ya tsoron a san shi.

To, wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cutarwa, don ita ce ke kwance wa mutanenmu zani a kasuwa suna murmushi.

Mu fara da batun wai salon Turawa ne. Wane Bature ne ya koya wa kakanninmu gina zaure? Wane Bature ne ya ce a kewaye gida da katanga ko danga, a karkata ƙofar shigifa yadda mai wucewa ba zai hangi tsakar gida ba? Tun muna yara muke ganin an rubuta "Ba Shiga" da gawayi ko da fenti a ƙofar gidajen da ko ƙyaure ba su da shi, kuma babu mai ƙetarewa. Baƙo ya kan tsaya ya yi sallama har sau uku, in ba a amsa ba ya juya. Addininmu ma da haka ya zo: a cikin Suratun Nur an hana shiga gidan wani sai da izni, a cikin Suratul Hujurat kuma an hana bin diddigin asirin mutane. Babbar addu'ar Bahaushe in ya yi wa wani fatan alheri ita ce Allah Ya rufa asiri. Bai ce asirin mai laifi ba. Mutumin kirki ne ya fi kowa bukatar sutura, domin shi ne ke da mutuncin da zai zube. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji masu iya magana.

Har wa yau ina tuna kakata, Allah Ya ji ƙanta, in wanzami ya gama yi mana aski ta kan tattara gashin nan sarai ta haƙa rami ta binne, haka kuma farce in an yanke. In ka tambaye ta sai ta ce kada wani mugu ya samu ya yi maka aiki da shi. Da muka shiga makaranta muka riƙa yi mata dariya. Yau ga jikokinta suna miƙa zanen yatsunsu da hoton fuskarsu da sunan mahaifiyarsu ga mutumin da ba su san daga inda ya fito ba, shi kuwa ya tafi ya yi musu aikin da ya fi sammu saurin ci. Ashe tsohuwa ta fi mu gane cewa abin da ya fita daga jikinka, in ya faɗa hannun wani, da kai zai yi amfani.

Bari mai karatu ya dubi yadda aka ɗaure mu, don ya san nauyin abin da yake bayarwa. A 2011 aka soma tilasta rajistar layukan waya da hoto da yatsu. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN, lamba 11 wadda ta haɗa dukan asusun mutum wuri guda. Ga kuma NIN, ita ma lamba 11, ta Hukumar Katin Ɗan Ƙasa, watau NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007. Sa'an nan a watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da NIN, da farko ma mako biyu kacal aka bayar, ana tsakiyar annobar korona. Waɗanda ke Ikko ba su manta da cincirindon da aka yi a Alausa ba, mutane suna kwana a bakin ƙofa don su sami lamba. A watan Afrilu na 2022 aka toshe kira daga layuka fiye da miliyan 70 na waɗanda ba su haɗa ba. Yanzu layinka da asusunka da fasfo ɗinka da jarrabawar JAMB ta ɗanka duk a igiya ɗaya suke rataye, kamar makullan gida a ƙugun maigida. Wanda ya sami igiyar nan bai bar maka ɗaki ko ɗaya ba.

Ban ce rajistar ba ta da amfani ba. Ƙasa tana da hakkin ta san 'ya'yanta, masu satar mutane kuma da waya suke neman fansa. Amma fa wanda ya tilasta maka ka kawo ajiya, wajibi ne a kansa ya tsare ta. Mun yi namu, mun bi layi cikin rana, mun rasa cinikin yini, mun ba da yatsu goma. Shin an yi mana nasu?

A watan Maris na 2024 wata kafar binciken labarai mai suna FIJ ta fallasa wani shafin intanet, XpressVerify, inda kowa ke iya biyan Naira 200 ya zaro bayanan mutum na NIN. Ba a gama wannan ba, a watan Yuni na shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin, AnyVerify, shi kuma Naira 100 yake karɓa. Don kada a ce ƙage ne, sai suka sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa kansa, Bosun Tijani, a kan Naira 100 ɗin. Kuɗin da ba zai saya maka ƙullin gyaɗa mai kyau a Obalende ba! Hukumar NIMC ta fito ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, madalla. Amma in manomi ya rantse ba a fasa rumbunsa ba, ga shi kuwa ana auna hatsinsa a kasuwa, tambayar da ta rage ita ce, su wa aka ba makulli? Hausawa dai sun ce da ɗan gari a kan ci gari. In kuma asirin Minista Naira 100 ne, mai gadi da mai shayi da mai yankan farce sai su yi wa kansu lissafi.

Irin abin da ya sami ɗan mai albasa kuwa, hukuma ta san da shi sarai. A watan Yuli na 2025 Hukumar EFCC ta yi gargaɗi cewa akwai dubban samari da ke yawo a ƙasar nan suna sayen NIN da BVN da hoto daga hannun mutane a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar a kan kimanin Naira 5,000, a buɗe asusu da su, a riƙa wuce da kuɗin zamba. A ina mai karatu yake tsammani irin waɗannan samari za su fi zuwa farauta? Ba za su je wurin lauya ko akawun banki ba. Wurin wanda ba ya karatun boko za su je, wanda Naira 2,000 abincin yininsa ce, wanda in an kama shi ba shi da dangi a kusa, kuma da ma ana yi masa kallon abin zargi tun bai buɗe baki ba. Watau mu. Ɓarawo na gaske yana can yana shan iska da sunan wani, mai sunan kuwa yana bayan kanta. Wannan ita ce amsar mai cewa talaka ba shi da abin da za a sata. Ba kuɗinsa ake nema ba, sunansa mai tsabta ake nema, shi ne kuwa kaɗai jarin da ya zo da shi Kurmi.

Haka batun layin waya yake. Mutanenmu da yawa, don gudun bin layi, su kan sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ko su bari mai kanti ya ɗauki hotonsu sau biyu sau uku yana cewa na farko bai shiga ba, alhali kuwa layuka uku ya buɗe da sunansu, ya ba su ɗaya ya sayar da biyu. Wani kuma ya yar da tsohon layinsa ya koma gida noma, bai cire shi daga asusun banki ba. Bayan wani lokaci kamfani ya sake sayar da lambar, saƙon kuɗinsa ya riƙa faɗawa hannun baƙo. Kada mu manta da mai miƙa wa yaron POS kati ya kuma faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a gaban jama'a, wai don shi bai iya latsawa ba.

Sai 'yan bashin waya. Waɗannan su ne suka mai da tona asiri sana'a. Za su ba ka Naira 10,000 cikin minti biyar, amma kafin nan ka latsa ka yarda manhajarsu ta kwashe dukan lambobin da ke cikin wayarka. Ranar da ka makara, sai surukinka da limaminku da maigidanka su sami saƙo da hotonka, an ce kai ɓarawo ne ana nemanka. A watan Agusta na 2021 Hukumar NITDA ta ci wani kamfani mai suna Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda irin wannan, a watan Maris na 2022 kuma Hukumar Kare Masu Sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikeja, daga bisani a 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan da ke cikin waya. Duk da haka ba a rasa masu zagayawa ta bayan gida. Abin lura a nan shi ne, lambobin da ke cikin wayarka ba naka ba ne, amanar mutane ce. Wanda ya ba ka lambar matarsa don ka kai saƙo gida bai ba ka don ka jinginar da ita ba.

Yanzu na zo kan wurin da ya fi yi mini ciwo, wanda kuma na san wasu ba za su so a taɓa ba.

Duk lokacin da aka yi wata ta'asa a wani gari na Kudu, sai ka ji an ce a yi wa baƙi rajista. 'Yan banga su zo da littafi, shugabannin unguwa su zo da fam, ƙungiyar kasuwa ta zo da nata: suna, ƙabila, addini, jihar asali, lambar waya, ɗakin da kake kwana, mutum nawa ne a ɗakin, da kwafin NIN. Mu kuwa don a zauna lafiya sai mu cika mu miƙa, wani lokaci ma shugabanninmu ne ke tattarawa su kai. Ina ganin uzurin masu masaukinmu. Kowa yana tsoron mugu, a cikinmu kuma ba a rasa ɓata-gari, kamar yadda ba a rasa su a kowace al'umma. Amma a ba ni amsa: littafin nan, a akwatin wa yake kwana? Wa ke da ikon buɗe shi? Shekara nawa zai yi kafin a ƙone shi? Don me kuma a wurare da yawa mai rawani da mai hula kaɗai ake rubutawa, alhali sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama, sashe na 42 kuma ya hana a ware shi saboda ƙabila ko addini ko garin haihuwa?

Ba tsoron banza nake ji ba. A watan Agusta na 2019 an tare mutum 123 'yan Jihar Jigawa da babura 48 a kan hanyarsu ta shiga Ikko, aka baza hotunansu a duniya kamar waɗanda aka kama da laifi, daga baya aka sake su don ba a same su da kome ba. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021. Mun ga mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyarsu ta komawa gida. Ban ce littafin rajista ne ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cewa nake yi, a ƙasar da jita-jita guda ke iya tada gari cikin sa'a ɗaya, takardar da ta jera sunayen 'yan ƙabila ɗaya da ƙofar ɗakin kowannensu ba abin wasa ba ce, kuma bai kamata ta zauna a aljihun wanda ba wanda zai tuhume shi ba. Haka nan zan faɗa in a Sabon Garin Kano ne aka ce a jera sunayen Ibo da Yarbawa.

Mu ma da namu laifin, kada a ce na rufe ido. Hatsari ya auku, maimakon a rufe gawa sai a zaro waya. Mara lafiya yana kwance a asibiti tsirara rabi, an ɗauke shi an watsa a WhatsApp da sunan neman taimako, ba a tambaye shi ba. Takardar saki, muryar mace da aka naɗa a ɓoye, hoton wani bawan Allah da aka rubuta wa "mai garkuwa" ba shaida ba hujja, duk muna turawa gaba muna cewa a yaɗa. Wanda ke leƙa katangar wani da wayarsa ba shi da bakin kuka ran da aka leƙa tasa.

To, akwai doka? Akwai, kuma ba ta da laifi a takarda. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, NDPC. Bisa ga wannan doka, wanda zai karɓi bayananka sai ya gaya maka dalili, ba zai karɓi fiye da bukata ba, ba zai juya su ga wata manufa dabam ba, ba zai kuma riƙe su har abada ba. Kana da ikon ka tambaye shi abin da ya ajiye a kanka, ka sa ya gyara kuskure, ka janye yardarka, a wasu halaye ma ka sa ya goge. Ƙabila da addini da lafiyar jiki da ra'ayin siyasa da zanen yatsu, dokar ta sa su cikin bayanai masu tsanani waɗanda ba a taɓawa da wasa. In aka fasa ajiyar kamfani ta yadda mutane za su cutu, tilas ya sanar da hukuma cikin sa'a 72. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin sa tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya samu a shekara, wanda duk ya fi yawa. An kuma fara gani a ƙasa: a 2024 NDPC ta sanar da tarar Naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, ko da yake bankin ya musa laifin, FCCPC kuma ta ɗora wa kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, Dala miliyan 220.

Sai dai ina tambaya, cikin waɗannan miliyoyi, kobo nawa ya shiga hannun wanda aka tona wa asiri? Tara baitulmali take tafiya. Mai tura baro a Mile 12 bai san da hukumar ba, in ma ya sani, ba zai bar baronsa ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta ƙara da Turanci ba. Dokar da ba ta sauko tasha da kasuwa da bakin masallaci ba, ta masu takalmi ce. Daɗin daɗawa, dokar ta sassauta wa jami'an tsaro da yawa daga cikin sharuɗɗanta in sun ce suna binciken laifi ne ko tsaron ƙasa, wannan ƙofa kuwa tana da faɗi, kuma kowa ya san wanda aka fi cewa ya buɗe wayarsa a shingen kan hanya tsakanin Lokoja da Ore.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Hukumar nan ta sayi lokaci a gidajen rediyon da mutanenmu ke saurare, ta yi bayani da Hausa irin ta kasuwa, ta kuma buɗe hanyar da mutum zai kai kuka da baki ba sai da takarda ba. Bankuna da kamfanonin kuɗi na waya da ke buɗe asusu ba su ga mai shi ido da ido ba, in aka yi zamba da asusun su ma a tuhume su, kada a tsaya kan yaron da aka yaudara. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Shagamu da sauran zangogi, waɗanda muke girmamawa, muna roƙonsu kada su sake miƙa jerin sunayen jama'arsu ga kowa sai da takardar hukuma wadda ta faɗi dalili da mai ajiya. Limamai kuma su ba abin minti biyar a huɗubar Juma'a, don amana ce ake magana a kai.

'Yan siyasa ma ba zan tsallake su ba, ko da yake a jaridar jam'iyya nake rubutu. Gabanin zaɓen 2023 Hukumar Zaɓe ta yi kuka cewa ana bi ana sayen katin zaɓe, ana kuma tattara lambobin da ke jikinsa a hannun talakawa. Ko wace jam'iyya ce ta aiko a rubuta lambar katinka da ta asusunka da alkawarin atamfa ko taliya, har da tamu, ka ce a nuna maka dalili a rubuce. In jam'iyya tana son ƙuri'arka, ta zo ta gaya maka abin da za ta yi maka.

Da dattijon nan zai tafi sai ya juyo ya tambaye ni, shin ba yadda za a yi a canja wa yaron lamba, a ba shi sabuwa, tun da wannan ta shiga hannun miyagu? Na gaya masa gaskiya, NIN ɗaya ake ba mutum har ya koma ga Allah, yatsu kuma ba a sake su. Ya yi shiru, ya mai da hularsa. Mun rubuta masa takardu biyu, ɗaya zuwa kamfanin da aka buɗe asusun a ciki, muna neman a rufe shi a kuma nuna mana wanda ya buɗe da ranar da aka buɗe, ɗaya kuma ƙara ce zuwa Hukumar Kare Bayanai. Ya dangwala yatsa, yaron ma ya dangwala. Duk amsar da ta zo, ko rashinta, za mu buga a wannan shafi tare da yawan kwanakin da aka ɗauka.